Darasi na Tara: Wa Zai Miƙa Sanda? Rikicin Sarki Henri na Huɗu da Paparoma Giregori na Bakwai

A ƙarshen watan Janairu na shekarar 1077, wadda ta yi daidai da 469 bayan Hijira, sarkin Jamus Henri na Huɗu ya yi kwana uku yana zuwa ƙofar wani gida mai ganuwa da ke kan dutse a Kanosa, arewacin Italiya. Ba takalmi a ƙafarsa, ba kayan sarauta a jikinsa, sai rigar ulu mai kaushi irin ta masu tuba, ga dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Wanda ke cikin gidan, wanda sarkin yake roƙon a buɗe masa ƙofa ya gani, shi ne Paparoma Giregori na Bakwai. Shekara ɗaya kafin wannan rana, sarkin nan da kansa ya aika masa da takarda yana kiransa sufin ƙarya, yana umartarsa ya sauka daga kujera. Wannan darasi zai bi diddigin abin da ya kawo su nan, da abin da ya biyo baya.

Abin da ake rikici a kansa

Bishop na wancan zamani ba mai wa'azi ba ne kawai. A Jamus da arewacin Italiya, bishop ɗin babban gari yana da gonaki da ƙauyuka da talakawa, yana karɓar kuɗin kasuwa da na fito, yana yanke shari'a, wani ma har kuɗi yake bugawa. Yana kuma da barade. Akwai wata takarda da ta rage tun daga shekarar 981, lokacin da Sarki Otto na Biyu ya nemi a aiko masa da ƙarin mayaƙa masu sulke zuwa Italiya. In aka duba ta, mafi yawan dakarun daga hannun bishop-bishop da shugabannin gidajen zuhudu aka neme su, ba daga hakimai ba.

Sarakunan Jamus da gangan suka yi haka. In ka ba hakimi ƙasa, ɗansa zai gada, jikansa ma ya gada, a kwana a tashi ƙasar ta fita hannunka. Bishop kuwa ba shi da magaji na halal da zai riƙe kujerar, don haka da ya mutu sai ƙasar ta dawo, sarki ya sake zaɓen wanda ya yarda da shi, galibi daga cikin limaman fadarsa. Ranar naɗi sarki ne yake miƙa wa sabon bishop zobe da sanda mai lanƙwasasshen kai irin ta makiyayi, shi kuma ya yi masa mubaya'a. Duk wanda ya taɓa halartar bikin miƙa wa sabon sarki sandar girma a ƙasar Hausa ya san cewa taron yana nuna abu biyu: an ɗaukaka wanda ya karɓa, an kuma nuna wa duniya wanda ke sama da shi. To a Turai matsalar ita ce zoben da sandar alamomin addini ne. Zobe na nufin an ɗaura wa bishop aure da cocinsa, sanda na nufin kiwon rayukan jama'a. Ta yaya mutumin da hannunsa ke riƙe da takobi zai ba da abin da shi kansa ba shi da shi?

Shekaru aru-aru ba wanda ya damu da wannan tambaya, domin ba a ɗauki sarki kamar sauran mutane ba. Ranar naɗinsa ana shafa masa mai mai tsarki, ana ganinsa wakilin Allah a bayan ƙasa. Amma a ƙarni na 11 wata guguwar gyara ta taso a cikin cocin, wadda gidajen zuhudu irin su Kuluni na Faransa, da aka kafa a 910, suka share wa hanya. Masu gyara sun sa abu biyu a gaba. Na farko sayen muƙamin coci da kuɗi, laifin da suke dangantawa da Siman mai sihiri na littafin Ayyukan Manzanni. Na biyu auren limaman coci, wanda ke sa dukiyar coci ta koma gadon 'ya'ya. Daga nan taki ɗaya ya rage su ce tushen ɓarnar duka shi ne hannun sarakuna a cikin naɗi.

Abin mamaki, mahaifin Henri ne ya ɗora masu gyaran nan a kan mulkin Roma. A 1046 mutum uku ne ke da'awar kujerar Paparoma a lokaci guda. Henri na Uku ya sauko Italiya, ya tara taro a Sutri, aka kawar da su duka ukun, ya ɗora wani bishop Bajamushe. Mafi yawan mutane ba su ce ya wuce gona da iri ba, yabonsa aka yi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka sauke, Giregori na Shida, an kai shi zaman gudun hijira Jamus, kuma wani matashin malamin coci mai suna Hildebrand ya raka shi. A riƙe wannan suna.

Mutanen biyu

Henri na Uku ya rasu a 1056, ya bar ɗa da bai cika shekara shida ba. Uwar yaron, Agnes, ta yi riƙon ƙwarya, manyan ƙasa kuwa kowa ya shiga yagar rabonsa. A cikin wannan giɓi ne, a 1059, Paparoma Nikolas na Biyu ya kafa doka cewa daga yanzu kadinal-kadinal, wato manyan malaman cocin Roma, su ne za su zaɓi Paparoma. Rabon sarkin Jamus a ciki ya koma ɗan girmamawa na baka.

A 1062, Henri yana shekara goma sha ɗaya, Babban Bishop Anno na Kolon ya gayyace shi ya ga wani ƙawataccen jirgin ruwa a kogin Rayin, kusa da Kaiserswerth. Yaro yana shiga, matuƙa suka tura jirgi tsakiyar ruwa. Da ya gane sace shi ake yi, sai ya yi tsalle ya faɗa kogi, saura ƙiris ya nutse wani basarake ya bi shi ya tsamo shi. Anno ya tafi da shi Kolon, ya karɓe ragamar mulki daga hannun uwar. Wanda aka yi wa haka yana yaro, kuma babban malamin addini ne ya yi masa, ba abin mamaki ba ne in ya girma bai yarda da kowa ba, kuma yana ganin duk wani sassauci rauni ne.

Hildebrand kuwa mutumin Tuskani ne, ba ɗan babban gida ba. Ya yi shekaru sama da ashirin yana yi wa Paparoma bayan Paparoma hidima, har ya zama shi ne mai juya al'amura a bayan fage. Mutum ne mai tsananin ibada da tsananin kafiya, har abokin aikinsa Peter Damian ya yi masa laƙabi da Shaiɗan mai tsarki. A watan Afrilu na 1073, ana cikin jana'izar Paparoma Alekzanda na Biyu, jama'ar Roma suka ɗauki sowa suna kiran sunansa, suka ɗora shi a kujera, ya ɗauki sunan Giregori na Bakwai. Wannan hanya ba ita dokar 1059 ta shimfiɗa ba, kuma maƙiyansa ba su taɓa mantawa da hakan ba.

A cikin kundin wasiƙunsa na 1075 akwai wani jeri na magana 27 game da ikon Paparoma. Daga ciki har da cewa yana da ikon sauke sarakunan daula, cewa ba mai iko ya yi masa shari'a, cewa yana iya warware wa talakawa rantsuwar biyayyar da suka yi wa azzalumin shugaba. Ba a taɓa jin Paparoma ya tara irin wannan da'awa wuri ɗaya ba.

Yadda igiya ta tsinke

A kan birnin Milan aka fara. Kujerar babban bishop ɗin birnin ta daɗe ana jayayya a kanta, fadar Jamus da nata ɗan takara, Roma da nata. A 1073, lokacin da mutanen Saksoni suka yi wa Henri tawaye suka sa shi a gaba, ya rubuta wa Giregori wasiƙa mai cike da ladabi da neman afuwa. Da ya murƙushe su a watan Yuni na 1075, sai ya manta da ladabin, ya naɗa limamin fadarsa Tedald a Milan. A watan Disamba Giregori ya aika masa da gargaɗi mai zafi.

Henri ya tara bishop-bishop ɗin Jamus a garin Worms ranar 24 ga Janairu, 1076. Su 26 suka sa hannu cewa sun janye biyayyarsu, sarki kuma ya aika da takardar nan ta sauka daga kujera. Amsa ba ta ɗau lokaci ba. A watan Fabrairu, a gaban taron coci a Roma, uwar Henri na zaune a wurin, Giregori ya yi abin da ba Paparoman da ya taɓa yi wa sarkin Jamus: ya kore shi daga jama'ar coci, ya haramta masa mulki, ya warware wa duk wanda ya yi masa mubaya'a rantsuwarsa.

Ya kamata mai karatu ya fahimci nauyin wannan kora. Wanda aka kora ba ya karɓar Jibin Ubangiji, ba a cin abinci da shi, ba a gaishe shi, in ya mutu a haka ba a binne shi a maƙabartar coci. Mulkin wancan zamani kuma ba ma'aikatu ne ke riƙe da shi ba, rantsuwa ce, daga manomi zuwa barde zuwa hakimi zuwa sarki. In aka kwance ta, komai ya kwance. Sai kuma aka samu abin da ya ƙara tsorata mutane. Bishop Wiliyam na Utrecht, wanda ya tsine wa Paparoma a gaban jama'a lokacin Ista, tsawa ta faɗa wa wani coci a garinsa ta ƙone shi, shi kuma wata guda bayan nan ya mutu bagatatan. Bishop-bishop ɗin da suka sa hannu a Worms suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A wannan shekarar dai ta 1076, Giregori ya rubuta wa Annasir ɗan Alnas, sarkin Banu Hammad a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wasiƙa mai taushi. Annasir ya roƙi a naɗa wa Kiristocin ƙasarsa bishop, ya kuma saki wasu fursunoni Kirista, Paparoma ya gode masa yana cewa su biyun Allah ɗaya suke bauta wa ko da hanya ta bambanta. Sarki Musulmi ya samu kalamai masu daɗi a shekarar da sarki Kirista ya samu tsinuwa. Dalilin a fili yake: Annasir roƙo ya yi a naɗa, Henri kuwa da kansa ya naɗa.

Manyan hakiman Jamus, waɗanda dama suna neman hanyar rage wa sarki ƙarfi, suka taru a Tribur a watan Oktoba. Suka yanke cewa in shekara ta zagayo ba a ɗage masa korar ba, sun fita daga mulkinsa. Suka kuma gayyaci Paparoma ya zo Augsburg ranar 2 ga Fabrairu, 1077, ya yi alƙalanci tsakaninsu da shi. Henri ya gane cewa in Paparoma da hakimai suka haɗu a zaure ɗaya, tasa ta ƙare. Dole ya tare shi a hanya.

Kanosa

Hakiman kudancin Jamus sun toshe mashigan duwatsun Alps, don haka ya zagaya ta Burgundi, ya hau ta mashigin Mont Cenis a cikin wani hunturu da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Yana tare da ɗansa Konrad, wanda bai kai shekara uku ba, da matarsa Berta, wadda shekaru kaɗan baya ya nemi ya rabu da ita aka hana shi. Marubucin tarihi Lampert na Hersfeld ya ba da labarin saukowarsu: maza na rarrafe da hannu da ƙafa a kan ƙanƙara, sarauniya da matan da ke tare da ita an zaunar da su a kan fatun shanu ana ja, dawakai an ɗaure musu ƙafafu ana zurara su, da yawa suka mutu.

Da ya sauka Lombardi a arewacin Italiya, bishop-bishop ɗin yankin, waɗanda ba sa ga maciji da Giregori, suka taro shi da mayaƙa suna zaton yaƙi ya kawo. Giregori ma haka ya zata. Ya katse tafiyarsa ya fake a Kanosa, gidan Matilda, mai mulkin Tuskani, macen da ta fi kowa ƙarfi a Italiya a lokacin, wadda ta tsaya wa Paparoma da dukiya da dakaru har ƙarshen ransa. Sai ga sarki ya iso ba makami.

Daga 25 zuwa 28 ga Janairu ya yi ta bayyana a ƙofa cikin shigar tuba. Kada a ɗauka tsaye yake dare da rana a kan ƙanƙara. Ana can ana kai-komo, Matilda da surukar Henri, Adelaide, da Hugh shugaban Kuluni, wanda shi ne uban baftismarsa, suna shiga tsakani. Giregori ya shiga tsaka mai wuya. A matsayinsa na ɗan siyasa, abin da ya fi masa shi ne ya bar maganar sai an je Augsburg. A matsayinsa na limami, ba shi da ikon rufe wa mai tuba ƙofa. Shi da kansa ya rubuta wa hakiman Jamus cewa na kusa da shi sun fara zarginsa da rashin tausayi. Ranar 28 aka buɗe ƙofa. Henri ya yi alkawarin amincewa da sulhu ko hukuncin Paparoma a rikicinsa da hakimai, aka ɗage masa kora. Maganar ko an mayar masa da sarauta kuwa, aka bar ta a dunƙule.

Wa ya ci riba? A ranar, Henri ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: ya raba Paparoma da hakimai, ya ƙwace musu hujja, ya koma gida da sarautarsa. Amma ya biya da abin da ba ya dawowa. Shekara 30 kacal bayan ubansa ya sauke Paparoma uku, ɗan ya yarda a gaban duniya cewa sarki ma ɗan coci ne kamar kowa, limami na iya hukunta shi.

Abin da ya biyo baya

Hakimai suka ji an ci amanarsu. A watan Maris na 1077 suka taru a Forchheim suka zaɓi Rudolf, hakimin Suwabiya kuma surukin Henri, a matsayin sarki. Yaƙin basasa ya ɓarke. Giregori ya yi shekara uku yana jan ƙafa, a tsakanin nan ne ma, a 1078, ya fito fili ya haramta wa duk wanda ba malamin coci ba miƙa zobe da sanda. A watan Maris na 1080 ya sake korar Henri, ya goyi bayan Rudolf, har ya yi hasashen cewa kafin farkon Agusta Henri zai mutu ko ya faɗi. Wannan karon kora ba ta ci ba. Bishop-bishop suka tsaya wa sarki, suka zaɓi Wibert na Rabenna a matsayin Paparoman hamayya, Kilemen na Uku. Agusta ta wuce Henri na nan garau. A watan Oktoba, a yaƙin da aka yi kusa da kogin Elster, rundunar Rudolf ce ta yi nasara, amma an sare masa hannun dama, ya mutu. Mutanen Henri suka ce ai hannun da ya yi wa sarki rantsuwa da shi ke nan. Har yau akwai wani busasshen hannu da ake ajiye da shi a babban cocin Merseburg, inda kabarinsa yake, ana cewa nasa ne.

Henri ya juya kan Roma. Bayan shekara uku yana kai hari, ya shiga birnin a 1084, kadinal 13 suka gudu suka bar Giregori, Kilemen kuma ya naɗa Henri babban sarkin daula ranar Ista. Giregori ya maƙale a ganuwar Sant'Angelo, ya nemi agajin Robert Guiscard, shugaban Normawan kudancin Italiya. Normawa suka zo, Henri ya janye, su kuma suka washe birnin, suka ƙone unguwanni, suka kama mutane bayi. Bayan wannan ba yadda Giregori zai zauna a cikin mutanen Roma. Ya bi waɗanda suka cece shi zuwa Salerno, can ya rasu ranar 25 ga Mayu, 1085.

Shi ma Henri bai gama lafiya ba. Ɗansa Konrad ya yi masa tawaye a 1093. A 1095, da aka yi kiran yaƙin ƙwato Ƙudus a Clermont, Paparoma Urban na Biyu ne ya yi kiran, babban sarkin Kiristocin Yamma kuwa korarre ne, ba a ko shawarce shi ba. Daga baya ƙanen Konrad, Henri na Biyar, ya kama shi ya tilasta masa murabus a ƙarshen 1105. Ya rasu a Liège a 1106, gawarsa ta yi shekara biyar a wani ɗakin ibada da ba a tsarkake ba, sai a 1111 aka binne shi kusa da kakanninsa a babban cocin Speyer.

A wannan shekara ta 1111 aka yi abin da ya tona asirin rikicin duka. Paparoma Paskal na Biyu ya kawo wa Henri na Biyar shawara mai sauƙi: sarki ya bar naɗi, bishop-bishop kuma su mayar masa da garuruwa da kasuwanni da duk ikon da suka samu daga sarauta, su rayu da zakkar coci da sadaka. Da aka karanta wannan a cocin Bitrus da ke Roma, bishop-bishop ɗin ne suka ta da hayaniya har taro ya watse. Suna son 'yancin coci, amma ba su shirya rabuwa da gonaki ba.

Sai a ranar 23 ga Satumba, 1122, a Worms ɗin da aka fara, Henri na Biyar da wakilan Paparoma Kalistus na Biyu suka daidaita. Sarki ya bar miƙa zobe da sanda, malaman coci ne za su zaɓi bishop. Amma a Jamus za a yi zaɓen a gaban sarki ko wakilinsa, kuma kafin a keɓe wanda aka zaɓa, sarki zai danƙa masa ƙasa da ikon duniya ta hanyar taɓa shi da sandar mulkinsa. A Italiya da Burgundi wannan zai biyo baya, cikin wata shida. An raba muƙami ɗaya gida biyu, na addini da na mulki, kowanne da mai ba da shi. Ingila ta riga ta yi irin wannan sulhu tun 1107. Waɗanda suka fi kowa cin moriyar shekaru 46 na rikici su ne hakiman Jamus, domin sun saba da zaɓen sarki da sauke shi, kuma ƙasar ba ta dunƙule a hannun gwamnati ɗaya mai ƙarfi ba sai 1871.

Aikin aji

Kafin zama na gaba, kowa ya sake karanta sashen Kanosa da na shawarar Paskal ta 1111. Ku kasu gida biyu, ɓangare ɗaya ya kare Henri, ɗaya ya kare Giregori, kowa ya kawo hujja uku daga abin da ya faru, tare da shekararsa. Sannan kowa ya rubuta rabin shafi yana amsa wannan: da bishop-bishop sun amince da shawarar Paskal, wa zai fi asara, su ko sarki? A zo da amsar a rubuce, za a karanta a gaban aji.